Gaisuwar da Ta Kayar da Ni Jarrabawa

Wudil,
12 ga Afrilu, 1978.

Zuwa ga ƙanena Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Talatu da yara, kamar yadda muke a nan. Yaya Ikko, yaya aiki, yaya haƙuri da zaman nesa? Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nema. Inna ta sami sauƙi, ƙafar ta daina kumburi, har ranar Juma'a ta taka zuwa kasuwa da kanta. Sabo ya sayi sabon babur, yanzu ko masallacin ƙofar gida ba ya zuwa a ƙasa. Kogi ya ja baya, masu lambu sun cika bakinsa da albasa.

Bayan haka, ka san tun da aka rushe En'e aka kafa ƙaramar hukuma, aka ce mu tsofaffin akawu sai mun zauna jarrabawa kafin a tabbatar da mu. Sau biyu ake ba mutum dama, in ya faɗi duka sai a sallame shi. Bara na faɗi, kuma da ka aiko mini da littafin dokokin aikin gwamnati sai na bar ka kana zaton rashin littafi ne. Kunya ce ta hana ni gaya maka gaskiya. An ba mu fayil ne na wani koke, aka ce cikin rabin sa'a kowa ya rubuta wa Sakatare shawararsa. Ni kuwa na gyara zama, na fara yadda na saba shekara ashirin da uku a ofishin hakimi: ranka ya daɗe, gaisuwa da ladabi da biyayya, da tambayar iyali, da addu'ar ƙarin girma. Sakataren nan fa babu shi, na takarda ne, amma har lafiyar 'ya'yansa na tambaya. Ina rubuta "bayan haka" mai tsaron jarrabawa ya ce a ajiye alƙalami.

'Yarka Lubabatu ta wajena, wadda yanzu take koyarwa a firamare, ita ta ɗauke ni ɗalibi. Kullum bayan la'asar sai ta dasa agogo a gabana a gindin darbejiya. Bambancin aikin kansila da na dagaci, da hanyar da koke yake bi har ya kai majalisa, da haramcin ma'aikaci ya fifita ɗan'uwansa, duk waɗannan ban sha wuya ba. Amma da na rubuta gaisuwa sai ta sa jan biro ta soke. Rannan raina ya ɓaci, na ce mata takarda ba gaisuwa shiga gidan mutane ne ba sallama, kuma ni ba haka aka rene ni ba. Ta sunkuyar da kai ta ce in yi haƙuri, amma fayil hannu biyar yake bi, kuma kowane hannu abu uku yake nema: me ya faru, me doka ta ce, wa zai yi me. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Hali zanen dutse.

Abin da ya karya ni rijiyar ƙauyen Indabo ce. Ta rufta tun damina, dagacinsu ya roƙe ni na rubuta musu koke, na kuwa zuba gwaninta har shafi biyu. Wata bakwai shiru, mata suna tafiya mai nisa ɗibar ruwa. Da na gaji na bi sawun takardar da kaina, sai na tarar da ita cikin takardun barka da salla. Wani sabon ma'aikaci ne ya karanta shafin farko, ya ga addu'a ce tun daga sama har ƙasa, ya ajiye ta inda ta dace. Maganar rijiya tana can bayan shafi na biyu. Labaran, ban ga laifinsa ba, nawa na gani, kuma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Washegari na sake rubuta koken a layi huɗu. Mako uku bai cika ba sai ga siminti da masu haƙa. Na je na sami Lubabatu na ce ta ɗauko agogonta, gemu ba ya hana ilimi.

A watan Fabrairu muka shiga Kano muka sake zama. Da na ɗauki alƙalami hannuna ya nufi "ranka ya daɗe" da kansa, sai da na riƙe shi. Na gai da Sakatare a zuciyata, na rubuta abu ukun nan, na gama har da sauran lokaci, ina zaune kamar wanda ya yi rashin kunya a gaban manya. Ranar Litinin da ta wuce sakamako ya fito. Na ci, an tabbatar da ni, kuma wallahi na yi murna irin wadda ban yi ba tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Na gode da littafi, shi ma ya yi nasa.

Inna tana sa maka albarka, tana tambayar yaushe za ka zo. Hansai da Sabo da Murja duk suna gaishe ku. Ka gai da Talatu, ka shafa mini kan Bilya da Auta. In ka ga gaisuwata ta yi yawa, ka yi haƙuri, wadda na haɗiye a ɗakin jarrabawa ce na juye maka. Lubabatu ta nemi ta duba takardar nan kafin in rufe, jan bironta a hannu, na ce mata wannan ba fayil ba ce, ta ƙanena ce.

Wassalam.

Naka yayanka,
Halliru