Matar da Ba a Ƙirga Ba

Gidan Maje, ta Kura
12 ga Nuwamba

Zuwa ga Nasiru, ɗan marigayi ƙanena, a ofishin lafiya, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan mun gode Allah, muna ta yankan shinkafa.

Malam Garzali na Islamiyya ne yake rubuta mini wannan, na kuma ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara. Sau biyu kana kiran wayar Bilya direba a ba ni, na ƙi karɓa. Maganar waya iska ce. Na ga ku mutanen ofis ba ku yarda da komai ba sai takarda, to ga takarda.

Ran Talata ina bakin kanal da rediyona, sai na ji an ce asibitin garinmu ya zo na ɗaya, wai bana ko mace ɗaya ba ta rasu wajen haihuwa ba a yankinmu. Na ɗauka kunnena ne ya tsufa. Jiya kuwa sai ga mota da bokitan fenti, an shafe bango, an kafa allo, mai unguwa har da sabuwar hula.

To Nasiru, wa muka binne a watan Fabrairu?

Kai ka zauna kwana uku a zauren nan kana karɓar gaisuwa. Yayarka ce, wadda ta goya ka a bayanta lokacin da uwarka ta rasu. Shekara goma sha shida tana gidan Sharif ba haihuwa, sai da aka cire rai Allah ya kawo. Ta dawo gida goyon ciki kamar yadda kowace mace take yi a haihuwar fari. Ran Alhamis da hantsi naƙuda ta tashi, muka kai ta asibitin nan naku mai lamba ɗaya, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka ce Barira ungozoma ta tafi Kura kai takardun ƙarshen wata. Muka zauna a benci har azahar. Muka koma gida, ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Muka shimfiɗa ta a bayan akori-kurar Bilya tsakanin kwandunan tumatir, ba mu haye gadar babban kanal ba rai ya yi halinsa.

Abin da ya fi ci mini rai, makon jiya Goggonka Binta ta kai Humaira, 'yar da ta bari, allurar ƙyanda, aka buɗe littafi, ga jaririya a ciki tun watan da aka haife ta, an sa ta a layin waɗanda aka haifa lafiya. 'Yar kun ƙirga, uwar ba ku ƙirga ba. Daga sama ta faɗo?

An ce kai ne kake haɗa lissafin nan a Kano. Ka gaya mini inda kuka kai ta.

Ka huta lafiya.
Baffanka, Ɗanbaba.

*

Kano
16 ga Nuwamba

Zuwa ga Baffa, tare da girmamawa.

Wa'alaikumus salam. Baffa, barka da aiki, ya ƙoƙari, ya Goggo da Humaira? Allah ya ƙara wa Yaya Sa'a rahama, ya kai haske kabarinta.

Na karanta takardarka sau uku. Zan yi bayani yadda abin yake, ba don in kare kowa ba.

Kowane asibiti yana turo mana abin da ke cikin rajistarsa ne kawai. Yaya ta yi awo sau huɗu a asibitin garin mijinta, can ɓangaren Bunkure. Da ta taho gida, suka rubuta a gaban sunanta, "Ta koma wurin iyayenta," suka rufe shafinta. Asibitin garinmu kuma bai taɓa buɗe mata kati ba, domin ranar da aka kai ta babu wanda zai buɗe. Babban asibiti ba ku ƙarasa ba. Saboda haka littafi uku ne, kuma babu wanda mutuwarta ta shiga. Wannan ba a kanta aka fara ba. Duk macen da ta tafi gida haihuwar fari tana iya faɗawa wannan ramin.

Don irin haka ne ake tura mata su bi gida gida suna tambaya. Na je ɗakin ajiya na nemo takardar Gidan Maje ta watan Afrilu. Gidanmu yana ciki, Baffa, lamba ta arba'in da ɗaya. A wurin da aka ce, "Akwai macen da ta rasu da ciki ko wajen haihuwa?" an rubuta "Babu." A wurin wanda ya ba da amsa an rubuta "Mai gida." A ƙasa kuma wata ta ƙara da biro, "Ya ce mu fita."

Ba na so in yi wa Baffa rashin kunya. Amma tunda an tambaye ni inda aka kai ta, to a nan ne ƙofa ta ƙarshe ta rufe.

A gaida Malam Garzali, na gode masa da ɗawainiya.

Ɗanka mai biyayya,
Nasiru.

*

Gidan Maje
20 ga Nuwamba

Nasiru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Malam ya ce in tambayi iyalinka, to na tambaya.

Wato ni ne na kashe ta a takarda. Madalla. Na cire ka daga bin ruwa a gona na kai ka boko, ni da ban taɓa zama a benci ba, ga shi yau ka koyi yadda ake juya laifi ya koma kan tsoho.

E, sun zo. 'Yan mata biyu da farar riga, ɗaya tana taunar cingam. Ina zaure ina gyaran fatanya, ko zama ba su yi ba. Mai cingam ta ce, "Baba, akwai matar gidan nan da ta mutu?" Haka, kamar tana tambayar kuɗin albasa. Na ce matan gidan nan suna nan da ransu. Ƙarya na yi? Matar gidan Sharif ce, shekara goma sha shida. Sai ɗayar ta ce ai maƙwabta sun ce an yi rasuwa, in faɗi sunan mamaciyar da shekarunta.

In faɗi sunanta. Ni.

Kai a gidan nan ka tashi. Ka taɓa jin sunan nan a bakina? 'Yar fari ce. Ubana bai taɓa kiran sunan babban wanmu ba har ya koma ga Allah, kuma babu wanda ya ce ba ya son sa. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban furta shi ba. In ina nemanta in ce "ina waccan," ta san da ita nake. Ranar ɗaurin aurenta gona na tafi. Shi ne wata yarinya da ban san uban da ya haife ta ba za ta tsaya a kaina da biro ta ce in faɗa. Na ce su fita, in sun dawo gobe ma haka zan ce.

Amma bari in tambaye ka. Ni ban san me takardarsu take yi ba. Kai ka sani. Ranar da "babu" ta iso teburinka, idonka a rufe yake? Ko hannun da ka ɗauki makararta da shi daban, wanda kake sa hannu da shi daban?

Malam ya ce in sassauta. Na ce ya rubuta.

Ɗanbaba.

*

Kano
25 ga Nuwamba

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa.

Idona a buɗe yake, Baffa. Na ga "babu" a gaban Gidan Maje tun watan Yuni. Na je wurin shugabana na ce akwai ɗaya, yayata ce, ni na sa ta a kabari. Ya yi mini ta'aziyya sosai, sannan ya ce, "Ina takardarta?" Na ce babu. Ya ce abin da ba shi da takarda ba ya shiga lissafi, in ba haka ba kowa sai ya kawo nasa daga ka. Na koma na zauna na sa hannu. Tun ranar ban iya zuwa gida ba, shi ya sa kuka ga ko da babbar salla ban zo ba.

Akwai hanya ɗaya. Littafin shekara ba ya rufewa sai ƙarshen Disamba. Na sa wata takarda cikin wannan ambulan. Wanda ya ga rasuwar da idonsa shi zai faɗi cikakken sunanta da yadda abin ya faru, a rubuta, ya dangwala yatsa. Sharif yana Legas da lodin tumatir ranar. Goggo tana gida da jaririya. Bilya yana tuƙi, bai waiwaya ba sai da ka buga masa gilashi. Kai kaɗai ne a bayan motar.

Ba zan ɓoye abin da zai biyo baya ba. In ta shiga, za a sauke allon yabon. Keken ɗaukar marasa lafiya da aka yi wa garin alkawari zai iya komawa wani gari. Za a zauna a binciki dalilin da ƙofa take rufe, za a kira Barira, alhali umarni aka ba ta ta kai takardu da kanta. Ni ma za a tambaye ni me ya sa na sa hannu. Amma sai an zauna ɗin nan ne ake iya hana rufe asibiti ranar kai takardu. In lissafi ya ce babu, babu abin da za a gyara.

Zaɓi na Baffa ne.

Ɗanka,
Nasiru.

*

Gidan Maje
6 ga Disamba

Nasiru,

Salamu alaikum. Takardarka tana ƙarƙashin buzuna.

Ban san wa ya kai labari ba, amma gari ya ɗauka. Mai unguwa ya zo da mutum uku, wai in dubi Allah in dubi keke. Ya ce wadda ta tafi ta tafi. Na ce na sani, ni na rufe mata ido. A masallaci yanzu ana matsawa in na shiga sahu, kamar na zo da ƙaiƙayi. Barira ma ta zo, ta durƙusa a tsakar gida tana kuka, ta ce ranar tana Kura a layi da takardu a hannu tun safe har la'asar. An aike ta ta je ta faɗi adadin matan da ta duba, shi ya hana ta duba tawa.

Kada ka ɗauka don su na fasa. Ban taɓa jin tsoron mai unguwa ba, tun yana yawo ba wando na san shi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne wannan. A bayan motar nan kanta yana kan cinyata. Ban taɓa riƙe ta ba tun tana tsumma. Muna dosar gada ta buɗe ido ta ce, "Baba." Sunan ya zo mini har nan, har bakin haƙora. Abin da na ce shi ne, "Ke, yi haƙuri, mun kusa." Shi ke nan.

To sunan da na hana ta tana raye, tana kallona, shi zan ɗauka in ba wa ofishinku don ku cike layi? Ku riƙe allonku. Ku sha fenti.

Ba zan dangwala ba. Kada ka sake aiko mini.

Ɗanbaba.

*

Gidan Maje
27 ga Disamba

Nasiru ɗana,

Assalamu alaikum.

Jiya Alhamis na dawo daga dashen tumatir, na bi ta gaban asibiti. Saliha matar Amiru maƙwabcinmu tana zaune a bencin nan, ta dafe mara, uwar mijinta tana yi mata fifita. Kwaɗo a ƙofa. An tafi kai takardu. Bango dai ya yi kyau.

Ta sauka lafiya a gida, Allah ya rufa asiri. Ni ne ban iya cin tuwo ba.

Ga takardarka nan, Bilya zai kawo maka hannu da hannu. Na dangwala. Malam ya ce ai ya san sunan, bari ya rubuta kawai ya hutar da ni. Na ce a'a, ajiye biron sai ka ji daga bakina.

Halimatu Sa'adiyya. Shekararta talatin da shida. 'Yata ce ta fari.

Ka goge babun nan da hannunka, ka rubuta ɗaya. In ka gama ka zo gida, Humaira ta fara tsayuwa.

Allah ya yi maka albarka.
Baffanka, Ɗanbaba.