Ƙarar da ke Bayan Mota

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal? Ya Hajiya da yara?

Motar da ka bar mini don kai Baba asibiti ta gajiyar da ni da ƙwanƙwasa ta baya, musamman a ramukan Tukur-Tukur. Duk sanda bakanike ya zauna baya don ya saurara, sai ta yi tsit. Da ƙyar ya gano robar shokozoba ce ta cinye, nauyin mutum ke danne ƙarar.

Yaya, da can in Baba na zaune a baya ba ta yin ƙarar. Yanzu yana ciki tana bugawa. Ramar da ya yi ta kai haka.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida kowa. Don Allah ka zo gida.

Ƙaninka,
Bashir