Injin Yaya Ipeelie

Litinin, 4 ga Maris

Yau ma Inna ta ture kwanon. Kazar kanti ce, na soya ta har da albasa, ta sunsuna ta ce, "Wannan tsuntsun bai taɓa ganin sama ba." Naman natsik take so, dabbar tekun nan mai kitse, wanda aka harbo yau a ramin numfashinsa a kan ƙanƙarar teku, da hantarsa ɗanya. Shekara uku ke nan da rasuwar Yaya Ipeelie, mai yi mana farauta, sai abin da maƙwabta suka yago mana, su ma sun fara gajiya.

Ta rame har zobenta yana zamewa. Nas ta ce in ba ta soma ci ba kafin ƙarshen wata, jirgi zai kai ta gidan tsofaffi a kudu, inda ba mai jin yarenmu.

"Ipeelie zai kawo," in ji Inna.

Na ce mata Ipeelie yana ƙarƙashin duwatsu a bayan coci. Ta yi kuka kamar yau aka faɗa mata. Ban ji tausayinta ba, gaskiya ɗaya ce. Ni nake mata wanka, ni nake kwashe fitsarinta, amma sunana sai ta yi lalube kafin ta samo shi.

Laraba, 6 ga Maris

Na buɗe rumfar baya. Babur ɗin ƙanƙara biyu, duk matattu. Na Baba tsoho ne, jikinsa lafiya lau, injin ne ya ƙone tun yana da rai. Na Yaya kuwa gabansa ya lanƙwashe tun ranar da ya daki dutsen da ya kashe shi, amma na juya injin da hannu, yana juyawa. Ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, kuma shekara goma sha biyu ce tsakaninsu.

Zan cire injin ɗan in sa a jikin na uban.

Asabar, 9 ga Maris

Kawu Simeonie, ƙanin Inna, ya leƙo ya same ni hannu duk baƙin mai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Napatchie, banza za ta kori wofi ke nan? Ke da ɗinkinki ma ruwa yake shiga, ke ce za ki haɗa gawa biyu ta tashi?"

Na ce, "Kawu, in ba naman yayarka ka kawo ba, matsa mini daga haske."

Sai ya matsa. Ɗansa yana fita farauta kowane mako, ƙashin haƙarƙari biyu suka aiko mana tun Kirsimeti. Duk da haka ya ara mini injin huda ƙarfe, don ya samu abin ba da labari a kanti.

Lahadi, 10 ga Maris

Ban je coci ba. Ramukan noti huɗu, ko ɗaya bai dace ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Na yanko faranti daga tsohuwar gangar mai mai kauri, na huda sabbin ramuka, injin ya zauna. Yatsuna biyu sun yi fari don sanyi, sifana tana manne wa fata in na cire safar hannu. Wayoyin kuma kowa da launinsa: jan na Baba ba shi ne jan na Yaya ba. Sau biyu ina ƙona fis.

Salansar Baba ba ta kai bakin injin ba, saura kamar faɗin yatsu uku. Dole na ɗauko ta Yaya, wadda ya toshe hujinta da gwangwanin madara da waya. Ta shiga daidai.

Inna tana zaune bakin taga tana tauna fata don ta yi laushi, da haƙoranta huɗu. Idonta ya yi yana, da ƙyar take bambanta mutum da ƙofa, amma yatsunta ba su manta allura ba. Safar hannu take ɗinkawa. Na tambaye ta ta wa ce, ko da yake na sani. A rayuwata sau ɗaya ta ɗinka mini safa, ina shekara tara. Shekarar ce na harbo natsik kafin Yaya, shi yana da goma sha ɗaya, kuma daga ranar ta ce wa Baba in zauna a gida, kada in kunyata mata ɗa.

Asabar, 16 ga Maris

Ya tashi!

Ja na goma sha ɗaya a igiya, ya yi tari, ya kama. Har na yi ihu ni kaɗai a rumfa. Sai na ji abin da ban yi tunaninsa ba. Wannan siririn fito da gwangwanin yake yi. A garin nan kowace mace ta san ƙarar babur ɗin gidanta tun yana bayan tsibiri, da ita ake sanin lokacin ɗora shayi. Na Yaya ko yaran gari sun san shi.

Ina juyowa, ga Inna a bakin ƙofa, ba takalmi, safa kaɗai a kan dusar ƙanƙara. Matar da sai na ɗaga ta daga kujera.

"Ipeelie! Ɗana! Ka daɗe!"

Na kashe injin. Na ce, "Ni ce. Ni ce, Inna, jakarki. Shi ya mutu, ya mutu, sau nawa zan faɗa?" Na faɗa da ƙarfi har matar maƙwabci ta leƙo. Na ɗauke ta cak na mayar ciki, ba ta fi nauyin yaro ba. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ce, "Ke kika kore shi da bakinki."

Talata, 19 ga Maris

Fita ta farko. Ban wuce tsibiri ba bel ya yi zafi ya tsinke, ashe injin ya karkace kaɗan. Na dawo a ƙafa, awa biyu. Ɗan Kawu ya janyo mini babur ɗin, yana ta danne dariya. Kafin yamma duk gari ya ji.

Laraba, 20 ga Maris

Na ja zare tsakanin ƙafafun bel biyu, na sa siraran zoben ƙarfe uku a ƙarƙashin gefe ɗaya na injin har suka miƙe, na ɗaura wani bel. Inna ta sha shayi kawai. Saura kwana goma sha ɗaya.

Asabar, 23 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Na fita da safe da bindigar Baba. Na sa rigar fatar Yaya, don tawa ba ta iya iskar teku. Awa uku na tsaya a kan rami ɗaya ban motsa ƙafa ba, yadda Baba ya koya mana. Da na ji hucin numfashi, hannuna ne ya yi aikin kafin kaina. Shekara talatin da huɗu, bai manta ba. Ƙato ne, da ƙyar na ja shi kan keken katako da babur yake ja.

Da na iso gida rana ba ta faɗi ba. Buta tana tafasa. Wadda wata shida ba ta kunna risho ba! Na shigo da hular rigar a kaina, ƙyalle a baki, tabarau a ido, duk ƙanƙara ta daskare a kai. Kafin in cire komai ta kama hannun rigar, ta sa hanci ta shaƙa, ta manna fuskarta a ƙirjina.

Ya kamata in yi magana. Na yi shiru. Dama Yaya ba mai magana ba ne, "Mm" ce rabin zancensa.

Na farke natsik a kan kwali a tsakar ɗaki. Ta zauna a ƙasa da wuƙarta, ta ci hanta har jini yana bin haɓarta, ta ci kitse, ta sha romo. Ta yanko wuri mafi daɗi ta miƙo mini. Na juya baya na ci. A duk rayuwata ban taɓa cin wannan yankin daga hannunta ba.

Sai ta matso, ta rage murya.

"Ƙanwarka tana azabtar da ni, ɗana. Tsuntsun roba take ba ni. Kullum sai ta ce ka mutu, don ta ga na yi kuka. Tun tana ƙarama baƙin ciki take maka. Da ita Allah ya ɗauka ya bar mini kai a gida, da na huta."

Na ce, "Mm."

Na fita, na tuɓe a rumfa, na zagayo ta ƙofar baya. Ta ce, "Ina kika shiga? Yayanki ya zo ya tafi, ko shayi ba ki zuba masa ba. Kwashe kwalin nan."

Na kwashe.

Litinin, 25 ga Maris

Jiya na kasa haƙuri. Na ɗora hannunta a kan yatsuna da suka fashe, na ce ta taɓa ta ji, ni na gyara babur, ni na harbo, ni ta rungume. Na maimaita mata abin da ta faɗa mini kalma bayan kalma, don in ga fuskarta. Ina so ya yi mata zafi, kuma ya yi.

Ta ce, "Laɓe kika yi mana. Ɓarauniya." Ta ture kwanon. Ta ce naman da na taɓa ba za ta ci ba, za ta jira mai shi.

Yau kwana biyu, ruwa kawai. Garin neman gira zan rasa ido.

Laraba, 27 ga Maris

Kawu ya zo, ba dariya. Salansar Baba ce a hannunsa, ya yi mata walda ya ƙara wuyan, yanzu za ta kai bakin injin.

"'Yar nan, cire muryar mamaci daga babur ɗin nan. Leetia ta ji shi ranar Asabar tana kanti, ta saki kwandonta ta zauna a ƙasa." Leetia matar Yaya ce, ta sake aure bara. "Ba kyau. Ki bar shi ya kwanta."

Na ce na ji. Ya tsaya yana kallon farantin da na yanka, ya girgiza injin da hannu, bai motsa ba. Ya ce, "Ubanki ma ba zai yi wanda ya fi wannan ba." Na ce ya ajiye yabonsa, ba ya cika ciki. Amma da ya tafi na daɗe a tsaye.

Noti uku ne kawai. Aikin minti goma.

Alhamis, 28 ga Maris

Na ɗauki sifana, na ajiye. Nas za ta zo da sikeli ranar Litinin.

Juma'a, 29 ga Maris

Ban je ko'ina ba. Na ɗauko sauran naman daga rumfa, na ɗaura a keke, na tura babur da hannu har bayan makaranta, sannan na tayar. Na zagaya tsibiri sau ɗaya na dawo a hankali, don ta ji shi tun daga nesa.

Buta tana tafasa. Ta ci kwano biyu. Ta ba ni labarin muguntar Napatchie, har da wadda ban yi ba.

Talata, 2 ga Afrilu

Nas ta ce ta ƙaru kaɗan, a bar ta tukuna. Ta ce mini sannu da ƙoƙari. Inna ta ce, "Wane ƙoƙari? Ɗana za ki yi wa sannu."

Yau na samo wani natsik, ƙarami. Da na shigo ta ce in miƙo hannu. Ta gama safar. Ita da kanta ta sa mini, yatsa bayan yatsa, tana shafawa. Da ta zo kan yatsun nan biyu da suka fashe sai ta tsaya. Ta daɗe a kansu.

Ta ce, "Hannunka ya ƙanƙance, Ipeelie."

Na ce, "Mm."

"Ka riƙa ci," in ji ta, ta ja safar ta rufe su.

Safar ta yi mini yawa, na cusa tsumma a bakin yatsun. Ɗinkin ba inda iska za ta shiga, tsohuwar nan har yanzu ba ta da na biyu. Don nama kawai nake yi, ba don komai ba. Salansar da Kawu ya gyara tana rataye a rumfa, zan sa ta in an kwana biyu.

Gwangwanin ya fara sakwarkwacewa, fiton yana canzawa. Na ƙara masa waya.