Motar Baya a Hawan Mambila

Sintali, Jalingo
Mayu 1994

Yaya Elias,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina Anti Caroline da yara, ya sanyin Jos?

Yaya, shawararka nake nema, tunda kai ka yi aikin rediyo a soja. Ka san kamfanin da nake wa akawu yana kai takin zamani Gembu, motoci shida a jere, maigidana Barnabas ne a ta baya. Oga ya saya wa kowace mota rediyon oba-oba don direbobi su riƙa sanar da juna halin hanya. To, sun mayar da ita majalisa. Layi ɗaya ne, in mutum ya kama magana sai ya gama wani zai samu shiga.

Makon jiya a hawan Mayo Selbe, Hammanjoda da ke jan gaba ya tarar ƙasa ta zaftaro ta tare hanya. Ya danna zai ce a tsaya, ashe wani direba, Maishanu, na kan layi yana ba da labarin awakinsa. Saura ƙiris mota ta biyu ta shige cikin ta farko. Barnabas ne ya gaya mini. Yaya za a yi da mutanen nan?

Ƙanwarka,
Ƙauna

Jos
Yuni 1994

Ƙauna,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Na karanta takardarki, raina ya ɓaci. Rediyo ba wurin hira ba ce.

Ki gaya wa ogan naku ya kafa doka ɗaya. Kowane direba ya riƙe tazararsa, ya sa ido a kan motar da ke gabansa. Kada kowa ya taɓa rediyo sai wani abu ya canza: zai rage gudu, zai tsaya, ko ya ga matsala. In shiru ne, lafiya ce. Layi zai zauna a buɗe, batir ma zai daɗe.

Ki gaida Barnabas.

Yayanki,
Elias

Babban asibiti, Jalingo
Agusta 1994

Yaya,

Ka yafe mini, ba doguwar gaisuwa yau. A kan gwiwata nake rubutun nan.

Dokarka ta yi aiki, har oga na yabonka bai taɓa ganinka ba. Ran Talata suka tashi daga Serti cikin ruwan sama, gajimare ya rufe dutsen. Babu wanda ya ce akwai matsala a baya, kowa ya ɗauka lafiya. Sai da suka tsaya a Nguroje Hammanjoda ya sauka ya duba baya, ya ga motoci biyar.

Yaya, biyar!

Gefen hanya ne ya rufta da motar Barnabas a wata kwana, tun da hantsi, kuma ranar shi kaɗai ne a ciki. Ta gangara cikin kwari, sitiyari ya danne masa ƙafa. Wayar abin magana ta tsinke, amma rediyon bai mutu ba. Yana jin su, su ba sa jin sa. Ya ce ya ji Hammanjoda na cewa, “A rage gudu, shanu a gaba.” Can daga baya ya ji Maishanu ya yi dariya ya ce, “Kai, yau kam kowa ya bi doka, har Barnabas.” Ya yi ta ihu a cikin abin, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Wasu makiyaya ne suka hango buhunan taki a warwatse, suka sauka suka same shi. Kafin a iso da shi Jalingo ƙafar ta riga ta lalace. Jiya likita ya yanke ta daga gwiwa.

Hammanjoda na zaune a ƙofar ɗakin nan, ya kasa shigowa. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, “Wallahi shiru na ji.” Direbobi sun ce ba za su ƙara bin dokar ba. Ni ban san abin da nake ji ba. Na wanke takalmansa duka biyu kafin na tuna.

Ƙauna

Jos
Agusta 1994

Ƙauna,

Na karanta a tsaye, sai da Caroline ta zaunar da ni. A soja akwai lokacin da ake kiran kowa ya amsa, ko ba komai. Ban sa wannan a takardar da na rubuto miki ba. Ina tafe da zarar na samu izini a wurin aiki. In Barnabas ba ya son ganina, ki faɗa mini, zan tsaya a waje.

Elias

Sintali, Jalingo
Satumba 1994

Yaya Elias,

Barnabas ne. Ina gaisuwa. An sallame ni, ina gida.

Na tara direbobi a nan tsakar gida. Na ce in suka koma surutu, wata rana mota biyu za a kwaso daga kwari. Doka tana nan. Abin da aka ƙara, a kowace babbar kwana na gaba zai kira suna, kowa ya ce “Ina nan,” a fara daga motar baya. Maishanu ya yi kuka, amma ya yarda.

Ba na son ka tsaya a waje. Ka shigo. In za ka taho, ka nemo mini sandunan guragu masu ƙwari a Jos, na asibitin nan sun yi mini gajarta.

Surukinka,
Barnabas