Mai Riƙe Ɗaya Gefen

Zuwa ga ɗana Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka da jikokina biyu, da kuma aikin nan naka da ba ya ƙarewa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar innarka da ta saba yi mata tsiya.

Na koma rubutu ne saboda duk sanda na kira ka a waya kana cikin taro. Takarda kuwa za ta jira ka.

Ka san tun da idona ya daina ganin kafar allura na miƙa shagon ɗinki ga yaran da na koyar. Zaman banza ya ishe ni. Shekara da shekaru ina taka keken ɗinki ina hango tafki ta tagar shagon, ban taɓa hawa kansa ba. To, kwalekwale zan ƙera, da hannuna. In dariya za ka yi, innarka ta riga ka. Ta ce mutumin da in ya tashi kafa ƙusa a bango sai an nemo masa magani.

Mai sayar da kayan kamun kifi ya samo min zane iri uku, kowanne da awonsa da bayaninsa. Na farko na masassaƙan gaske ne, haƙarƙari sama da ƙasa, ko kallonsa na yi sai kaina ya sara. Na biyu ɗan ƙarami ne kamar bahon wanka, mutum ɗaya yake ɗauka. Na uku dogo ne, yana cin mutum huɗu, kuma shi ya kwanta min a rai. Falanki mara kauri ake yankawa, a huda bakinsa, a ɗinke da siririyar wayar tagulla, sannan a bi ɗinkin da gam. Ɗinki fa, Auta. Abu ɗaya ne kawai, takardar ta ce ranar da za a lanƙwasa gefunan a haɗa su dole sai mutum biyu, ɗaya na riƙewa ɗaya na ɗinkewa.

Ka duba min, wanne ka gani? Innarka na gaishe ku. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Tela


Auta,

Bayan gaisuwa, yaya iyali, yaya tarin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta iso ta bakin innarka, tunda ita ka kira. Ta ce ka ce in ɗauki ƙaramin, ya fi dacewa da ɗan koyo, kuma mutum zai gama shi shi kaɗai ba tare da ya ɗora wa kowa nauyi ba. Na gode da shawara. Dogon na ɗauka.

Na kwashe tarkacen rumfar bayan gida na shimfiɗa falanki a kan tsohon teburin yankana. Sai dai hali zanen dutse ne. Da na zo fitar da layi da alli, hannuna da kansa ya bar rarar yatsa biyu a kowane gefe, yadda nake bar wa rigar yaro don zai girma. Ban farga ba sai da na gama yanka na gwada, babu abin da ya hau kan ɗan'uwansa. Kafintan bakin layinmu ya zo ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce katako ba a naɗe masa baki. Na sha kunya, na sake sayen falanki, na bi layi daidai wannan karon.

Yanzu komai ya kammala. Na huda ramukan, na yanka wayar guntu-guntu na zuba a gwangwanin maɓallai. Saura haɗawa. Maƙwabcinmu direba ya yi min tayin riƙewa ya fi a ƙirga, ina ce masa akwai mai riƙewa, yana hanya. Innarka ta ce ka ce in ka ɗauki hutu za ku zo. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. Ba wani aiki ba ne mai wuya, tsayuwa ce kawai ka tallafe gefe ɗaya muna hira, kafin azahar mun gama.

Ka shafa min kan yaran. Sai mun gan ku.

Mahaifinka,
Tela


Auta,

Ina gaishe ka. Muna lafiya.

Kwalinka ya iso. Da motar kai saƙo ta tsaya a ƙofar gida innarka ta ɗauka kayanku ne suka riga ku, don tun da watan hutunka ya kama ta share ɗakinka ta wanke labule. Ita ta yanke igiyar da kanta. Muka tarar da ƙarafunan matse katako, sababbi fil, masu hannun murɗawa, da 'yar takardarka a sama: "Baba, da waɗannan ba ka bukatar kowa ya riƙe maka."

Ta juya ta koma kicin. Ni kuma na tura kwalin ƙarƙashin tebur, ya daɗe a can yana shan ƙura.

Bari in faɗa maka abin da na ɗauka ka gane tun wasiƙar farko. Kai mai ilimi ne, ka karanta layin nan na mutum biyu kamar yadda na karanta. Kana tsammanin ban san ƙaramin ya fi sauƙi ba? Na sani sarai. Da na ce ka zo don ina kewarka, sai ka ce aiki. Shi ya sa na nemo abin da ba ya yiwuwa sai da kai. Raina ya ɓaci, Auta, ba zan ɓoye maka ba. Zumunci a ƙafa yake, kai kuma ka auna ka ga ya fi araha a kwali.

Shekaranjiya da safe na jawo ƙarafunan. Wallahi da addu'a na fara, Allah ya sa su zame, ko falankin ya tsage, in sami abin rubuto maka. Ko gezau. Na lanƙwasa, na murɗa, suka riƙe gam. Ba su gaji ba, ba su duba agogo ba. Na ɗinke tun daga hanci har baya, ɗinki mai kyau irin wanda na daɗe ban yi ba. Kafinta ya zo ya zagaya shi, ya ce ba shi da abin gyarawa. Direba ya leƙo ta katanga ya tambayi ina mai riƙewar, na nuna masa ƙarafunan.

Ka yi gaskiya, kayan suna da kyau, kuɗinka bai tafi a banza ba. Kwalekwale ya haɗu, saura gam da fenti, waɗannan kuma aikin mutum ɗaya ne. Na sake bin takardar tun daga farko har ƙarshe ina neman wani wurin da ta ce mutum biyu. Babu. Ba ni da sauran abin da zan ce ka zo ka riƙe min.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka