Baba Ya Ga Sojojina

Daren Laraba, Zahir

Yau asirina ya tonu. Shekara biyu ina ɓoye 'yan sojojin robana na wasan yaƙin sararin samaniya, don kada Baba ya ce na tara gumaka a gidansa. Bayan la'asar ina yi musu fenti, sai ga shi a kaina. Gabana ya faɗi.

Ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya. "Ina fuskarsa?"

Na ce, "Hular ƙarfe ta rufe, Baba."

Sai ya nuna ƙatuwar bindigar da muka kwana uku muna musu a kanta da abokan wasana, ni ina cewa ba ta fi ƙarfin mutum ba.

Ya ce, "Na ɗauki abin da ya fi wannan a Mina, ina dakon kayan alhazai. Wanda ya zana ta ne bai taɓa dako ba. Kaya a kafaɗa ɗaya? Kafin azahar ya zube."

A bakin ƙofa ya juyo. "Ka yi masa gammo."

Alhamdu lillahi. Na riga na yanko tsumma.