Nonon Saniyar da Ta Yi Ɓari

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Lafiya mai kula da ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, sunana Buba, makiyayi kuma manomi a wata ruga yamma da Ɗanzomo. Ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi na tattaro na rubuto maka, don na kasa zaune na kasa tsaye.

Na farko. Farin da aka yi ya bar mana shanu kaɗan. A cikinsu akwai wata fara da ta yi ɓari a farkon daminar bana. Malamin dabbobi ya zo allura, ya duba gwiwarta da ta kumbura, ya ce bakkale ne, ciwon da ke sa shanu ɓari, a raba ta da bijimi, ya hau kekensa ya tafi. Wallahi bai ce uffan ba a kan nononta. Mu kuwa a gidanmu ba a barin hantsar saniya ta ƙafe don ta rasa ɗa. Ana tatsarta, a ba wanda ya fi rauni a gida madarar da ɗuminta. Matata Hajo na da juna biyu, don haka ita aka riƙa miƙa wa ƙwaryar kowace safiya.

Na biyu. Kafin a yanke gero zazzaɓi ya kama Hajo. Da la'asar ta hau rawar sanyi, gumi ya jiƙe tabarma, da safe ta tashi garau, jibi ya dawo. Ƙugu da gwiwoyi suka riƙe har ta kasa ɗaga taɓarya. Na yi ta ɗora ta a jaki zuwa ɗakin shan magani, kowane zuwa a ce zazzaɓin sauro ne, a ba ta ƙwaya mai ɗaci. Cikin ya zube. Sai a babban asibiti wani likita ya tambaye ni ko muna shan madara ɗanya, ko kuma akwai saniyar da ta yi ɓari. Ashe ciwon saniyar ne ya biyo nono ya shiga jikinta. Haba, ranka ya daɗe! Mai duba saniya ya gani bai faɗa ba, mai duba mutum bai tambaya ba, kuma hukuma ɗaya suke yi wa aiki.

Na uku, shi ne abin da ke hana ni sukuni. Likita ya ce a riƙa tafasa madara. Mahaifiyata Inna ta ce ba a gidanta ba, don a saninta duk wanda ya ɗora madara a wuta ya ƙona hantsar saniya. Saniyar tata ce, gadon ubanta, ba ni da ikon sayarwa. Ta ce yaushe aka haife ni da zan koya mata nono. Ranar da na kifar da ƙwaryar nonon farar saniya, har washegari ba ta amsa gaisuwata ba. Har yanzu tana haɗa nonon farar saniya da na sauran, ta ba 'yata Ummi, ƙanwata Dije kuma ta ɗauki ragowar zuwa kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Dubagari ya ɗaga faifai, ya ga babu ƙuda, ya wuce. Direbobi da fatake kuwa su dama fura su sha.

Ga roƙona. A umarci malaman dabbobi, in sun ga bakkale su yi maganar nono kafin su hau keke. A ce wa malaman asibiti su riƙa tambayar mai zazzaɓin da ya ƙi ji abin da yake sha. A yi shela ranar kasuwa. Ban ce a hana matanmu talla ba, da shi muke sayen gishiri da kanwa. Babba a ciki, ka turo mana mutum ɗaya mai kaki, ya zo tare da ardo, ya zauna gaban Inna ya gaya mata da bakinsa. Ba za ta ji daga ɗan da ta goya ba, amma tana jin kunyar baƙo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare iyalinka daga abin da na gani, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Don girman Allah kada a jira rani. Shekaranjiya Ummi ta ce mini gwiwarta na ciwo, jiya da la'asar kuma ta nemi bargo.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Buba, daga rugar yamma da Ɗanzomo